Gemun Taliya na Reb Anshel

Duk wanda ya taɓa kawo ɗansa makarantarmu ta renon yaran Yahudawa, nan bayan tashar jirgin ƙasa ta Antwerp, ya san ba bulo ne ke riƙe da ginin ba. Reb Anshel Birnhak ne. Shi da bakinsa ya sha gaya mana haka, kuma ba mu taɓa kama shi yana rage wa kansa daraja ba. Sana'arsa sayar da labule, amma wannan ta neman abinci ce kawai. Aikin da aka halicce shi dominsa shi ne shugabancin kwamitin makaranta, kujerar da ya ci babu hamayya, saboda ranar zaɓen an wuni ana ruwa kuma shi kaɗai ya fito. Mu malamai Ginshiƙi muke kiransa. Sunan ya kai kunnensa, ya ji daɗi ƙwarai, don wanda ya kai masa bai kai masa muryar da muke faɗa da ita ba.

A fannin tarbiyyar yara kuwa ba shi da na biyu. Matarsa ce ta reni 'ya'yansu, shi kuma ya samu sararin tara ra'ayi.

Da sanyi ya saki gari, itatuwa suka fara toho, sai makaranta ta ɗauki harama. 'Yan ajin Malama Perel, masu shekara huɗu, suka shuka wake a kofuna suka jera a bakin taga. Reb Anshel ya zo da abin awon labulensa rataye a wuya, ya bi kofunan ɗaya bayan ɗaya yana aunawa. Ya yaba wa waken da ya yi tsawo. Wani yaro da nasa ya ƙi fitowa, ya shafa kansa ya ce masa rashin himma ne. Ba mu gane ba ko yaron yake nufi ko waken.

Ranar da muka fita tsakar gida don yi wa itacen tuffa addu'ar sabon fure, addu'ar da ba ta wuce numfashi biyu ba, sai ya ga ya dace a yi mata gabatarwa. Ya yi bayani a kan saiwa, ya yi a kan reshe, ya nuna cewa kowace makaranta itace ce kuma kowane itace yana da gindi, ya bar mu mu gano wane ne gindin. Kafin ya kai ga addu'ar an canza wa yara biyu wando. Da muka zo wasan kwaikwayon yadda kakanninmu suka ƙetare teku, shi ya ba da shuɗɗan labule biyu kyauta, ya tabbatar sunan kantinsa yana fuskantar wurin da iyaye ke zama. Yara suka bi ta tsakiya da ƙunshin kayansu a kafaɗa, suna ficewa daga Masar ta ƙofar kantin Birnhak.

Amma babban abin da ya sa a gaba shi ne hoton. Tun cikin hunturu ya ba da shawarar yara su yi wa wani bawan Allah mai hidima hoto don su koyi godiya. Bai ambaci suna ba, sai dai ya kawo hotonsa na aljihu don a samu abin kwaikwayo. Aka samo allo mai tsayin ƙofa. Yara suka dama kullun fulawa suka yi ta mannawa: hula ta makaroni da aka shafa wa baƙin fenti, goshi na ƙananan taliya masu siffar taurari, wanda ya sa aka ƙara wa faɗi har sau biyu, gemu kuma na siririyar taliya, har ƙirji. Baki ne kawai ya ce taliya ba za ta iya ba. Ya kawo jajayen maɓallai daga kantinsa ya jera su da hannunsa. Aka rataye allon a zaure, aka rufe da labule, za a buɗe a gaban iyaye bayan Idin Ƙetarewa. Kullum idan ya shigo sai ya ɗaga gefen labulen ya gaisa da kansa.

Makaronin da ya rage, Malama Perel ta ba yara suka zura a zare, suka yi wa iyayensu mata sarƙar wuya. Wata yarinya mai suna Tirtsa ta fi kowa ɓata lokaci a kan tata. Uwarta ta daɗe kwance a asibiti, likitoci sun hana ta motsi har sai ta haihu, kuma an gaya wa Tirtsa bayan idi za ta dawo. Yarinyar ta shafa wa kowace ƙwaya launi dabam, ta hana kowa taɓawa. Da safe sai ta leƙa aljihun teburinta ta ga tana nan kafin ta cire riga.

Idi ya matso, aka shiga sharar hamez, wato abincin gari da addini ya hana mu ci ko mallaka a kwanakin idin. Ko ɓarɓashin burodi ba a bari, ko biskit, ko wani abin da aka yi da gari ya kumbura. A nan Reb Anshel ya fi haske. Ya tara yara a kan tabarma, ya tsaya a kansu.

"Yara, hamez ba burodi ba ne kawai. Hamez kumburi ne. Gari ne da ruwa suka sha iska, suka ɗauka su wasu ne. Mutum mai girman kai, hamez ne. Ni da kuke gani, na daɗe da share nawa."

Daga nan ya shiga bincike, aljihu bayan aljihu, har ya ci karo da sarƙoƙin. Ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu kamar ya kamo ɓera.

Malama Perel ta kirawo malamin addininmu, Rabbi Getzel, tsohon da ke zuwa duk Alhamis yana ba yara labari, mutum mai sanyin murya da ba ya son tashin hankali. Rabbi ya juya sarƙar a hannunsa, ya ce abin da ya sha fenti haka, idan kare ba zai ci ba, ai ya fita daga sahun abinci. In kuma ana son a ƙara kiyayewa, sai a kulle su a kabad a sayar wa Staf tare da sauran kayan kicin, kamar kowace shekara. Staf mai gadin makaranta ne, Kirista, ɗan ƙauyen bayan gari, kuma shi ke sayen hamez ɗinmu kafin idi ya mayar mana bayan idi.

Reb Anshel ya yi murmushin tausayi. "Rabbi, da girmanka, wannan hukuncin masu rauni ne. Kare yana iya ƙi, amma ni ba da kare nake auna makarantata ba. A nan ba ma ɓoyewa a kabad. Ƙonawa muke yi."

Aka kawo kwali aka tara sarƙoƙin, za a cinna musu wuta safiyar jajibere. Tirtsa ta dunƙule tata a hannu, sai da Malama Perel ta durƙusa ta buɗe mata yatsu ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Malamar ce na tarar a ɗakin rataye riguna tana share ido da gefen mayafi. Ni kaina raina ya ɓaci matuƙa, amma ina da haya a kaina, kuma Ginshiƙi ke sa hannu a takardar aikina, don haka na taya ɗaukar kwalin.

Ranar ƙarshe kafin hutu muka yi gwajin cin abincin daren idi. Aka shimfiɗa fararen ƙyallaye, aka jera gurasa marar yisti da ruwan inabi na yara, kowa da kwaɗon takarda a gabansa, don tuna annobar kwaɗin Masar. Reb Anshel ya zauna a kan tebur, a kujerar yara, gwiwoyinsa har haɓa. Bayan ƙananan sun rera tambayoyin da ake rerawa, sai ya buɗe hannuwa.

"Daren idi daren tambaya ne. Yaron da ke tambaya shi ne hasken gida. Ku tambaye ni komai, 'ya'yana. Ban taɓa rasa amsa ba."

Tirtsa ta ɗaga hannu.

"Reb Anshel, fuskarka ma za a ƙona ta?"

"Wace fuska, 'yata?"

"Ta bayan labule. Ni na manna gemun. Taliya ce."

Ginshiƙi ya ƙura mata ido. Wata huɗu yana ɗaga labulen nan, bai taɓa ganin taliya ba, shi dai Reb Anshel yake gani.

A nan muka shaida abin da ba kowa ke samun rabon gani ba, wato yadda babban malami ke gano sassauci a cikin daƙiƙa ɗaya. Ya ce ai abin ya sha fenti. Ya ce ya bushe tun hunturu. Ya ce ko kare ba zai ci ba. Rabbi Getzel, wanda aka gayyato ya zauna a ƙarshen tebur, ya tuna masa a hankali cewa shekaranjiya ya ce ba da kare yake awo ba. Reb Anshel ya ce wancan sarƙa ce, wannan kuwa martabar makaranta ce.

"Anshel, ɗan'uwana," in ji Rabbi, "daga leda ɗaya aka ɗebo su. Ko dai gemunka ya bi sarƙoƙin yara wuta, ko sarƙoƙin su bi gemunka wurin Staf. Zaɓi ɗaya."

Ginshiƙi ya miƙe da ƙyar daga 'yar kujerar. Ya kai ya komo, yana shafa gemun da ba na taliya ba. Can ya tsaya ya sanar da mu cewa ya daɗe yana nazarin lamarin, zuciyarsa ba za ta iya ganin hawayen yaro a bakin idi ba, saboda haka ya yanke shawarar a sayar. Ya jira tafi, Malama Perel ta sa yara suka yi masa.

Sai dai mutum irinsa ba ya sauka gaba ɗaya. Ya ce ba irin cinikin raggwaye za a yi ba, wanda kaya ke kwana a kabad ɗinka kana cewa na wani ne. Kayan za su bar ginin. Ya sa aka kirawo Staf, ya dafa kafaɗarsa.

"Ka fahimce ni da kyau, Staf, wannan ba wasa ba ne. Daga yanzu kayan nan sun fita hannuna. Ka ga dama ka ajiye, ka ga dama ka kyautar, babu mai tambayarka."

"Wato mallakina, maigida?"

"Halak malak."

Staf ya ɗaure allon da labulensa a keken ɗaukar kaya, ya ɗora kwalin a sama, ya kama hanyar ƙauye.

Bayan idi aka dawo. Wake ya yi tsawo har ya rusuna a kan taga, har na yaron nan marar himma. Staf ya iso da sassafe, ya mayar mana da kayan kicin, ya miƙa wa Malama Perel kwalin sarƙoƙi, ko ɗaya ba ta karye ba, matarsa ta ajiye shi a saman kabad ɗin ɗakin kwanansu. Allon kuma ya rataye shi a wurinsa, a rufe yadda ya tafi. Sau biyu yana tare Reb Anshel yana murza hularsa yana cewa, "Maigida, akwai 'yar magana," sau biyu ana ce masa bayan jawabi.

Iyaye suka cika zaure. Uwar Tirtsa tana layin gaba, ta rame, jariri a ƙirjinta, sarƙar makaroni mai launi kala-kala a wuyanta, Tirtsa kuma ta riƙe gefen rigarta kamar za a sake ƙwace ta. Ganinsu kaɗai ya wanke mini zuciya.

Reb Anshel ya yi jawabi a kan tawali'u. Ya ce bai nemi wannan girmamawa ba, ya ƙi, an matsa masa, yara ne suka nace. Ya ce abin da za a gani yanzu ba shi ba ne, abin da zai rage ne daga gare shi bayan an manta da komai. Sannan ya ja igiya.

Allo ne fari tas, sai tabon kullu da wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan toka da ba yaranmu suka yi ba. Babu hula, babu goshi, babu ko silin gemu. A tsakiya jajayen maɓallai suna nan a jere, a buɗe, suna sheƙi.

Staf ya yi bayani daga bakin ƙofa, cikin ladabi. Matarsa ta ce hoton ba zai kwana mata a gida ba, don duk inda ta juya yana kallonta. Wurin da ya rage mai rufi shi ne ɗakin tattabarunsa na tsere. Ya jingina shi a can, iska ta zame labulen, kuma tattabarun suna cikin horo, ba sa raina abinci. Ya ƙara da cewa da ya so ya damu, sai ya tuna an ce halak malak.

Rabbi Getzel ya gyara tabarau, ya matsa kusa da allon, ya daɗe yana dubawa.

"To, Anshel, ashe kai ke da gaskiya tun farko," ya ce. "Abinci ne."

Iyaye suka sunkuyar da kai, kowa ya samu abin dubawa a takalminsa. Yara kuwa ba su ga wani aibu ba. Yaron nan mai wake ya miƙe a kan kujera ya nuna maɓallan da yatsa, ya juya yana gaya wa babansa:

"Baba, ka gani, ga Reb Anshel can."