Ni da Surukina a Layin Caji

Ko na manta da komai na zaman New York, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, ranar da na yi gumi sharkaf alhali ƙanƙara na zuba a waje.

Wata huɗu kafin haihuwar na sayi mota mai aiki da lantarki (sabuwa ce a wurina, wanda ya sayar mini kuwa ya gama cin amarcinta). A unguwar Highbridge da ke Bronx nake zaune, hawa na biyar, a bakin titi nake ajiye mota, ba ni da inda zan jona ta sai tashoshin caji na kowa da kowa. Abokaina sun gaya mini masu saurin cika batir ba su da yawa a ɓangarenmu, kuma 'yan tasi sun mamaye su. Na ce musu hassada ce ke damun su. Ni dai shirunta ne ya sace mini zuciya, ka taka ta kawai ta sulale kamar ƙwarya a kan ruwa.

Surukina, mahaifin matata Bilki, wanda nake kira Baba, ya yi shekara talatin yana jan tirela tsakanin Kano da Legas. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma tun da ya ba ni 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Shi za a yi wa takwara. Jirginsa zai sauka da safiyar ranar sunan, ni zan ɗauko shi, a raɗa suna a masallacin unguwa bayan sallar Azahar yana zaune a sahun gaba. Saboda wannan zaman na minti biyar dattijon ya yarda ya hau jirgi a karon farko tun bayan aikin Hajji.

Na isa filin jirgi da wuri, na zauna a mota na kunna hita don ta ɗumama ni, na shiga duniyar mafarki. Ina ganin Baba a gefena, muna tafiya a kan gada, kogi na ƙyalli a ƙasa, ya juyo ya tambaye ni ko an ma tayar da motar. Ina ganinsa ya koma Kano, tsofaffin direbobi sun kewaye shi a tasha, yana ba su labarin mijin Bilki da motarsa da ba ta shan mai. Har gyaɗa kan da suke yi na gani. Awa biyu ina wannan fim, lambar batir ta sauko daga kashi talatin da ɗaya cikin ɗari zuwa sha tara.

Na ga lambar, ban damu ba. A Kano na koyi tuƙi, inda allurar mai za ta kwanta a ja, ka je Wudil ka dawo tana nan kwance. A tunanina kowace mota tana ɓoye wani abu a ƙasan tukunya.

Da Baba ya fito na durƙusa a kan daɓen sanyi na gaishe shi. Babbar riga ce a jikinsa, fara, mai kyau, wadda ba ta san komai game da watan Janairu na nan ba. Haƙoransa na haɗuwa ya shiga mota, ni kuma na ƙure hita, na kunna ɗumin kujera, don a san ana yi da surukin kirki.

Ba mu yi nisa ba muka wuce tashar caji ta farko. Na rage gudu, na hango motoci sun yi layi har kan titi. Sai na tuna mutumin nan rabin rayuwarsa a layin mai ya yi ta. A ce ya zo Amurka, abin da zan fara nuna masa layi ne? Na ɗauke kai na wuce.

Daga nan cunkoso ya riƙe mu. Ƙanƙara ta fara sauka a hankali, fitilun motoci suka yi ja a gabanmu har iya ganin ido, komai ya yi shiru kamar a barci. Baba na kallon waje yana jan carbi, ni ina satar kallon lamba: sha ɗaya, tara. Wayata ta nuna wata tasha a nan Queens, yankin da filin jirgin yake, na karya kan mota na ce wa Baba ina so in nuna masa gari. Ya ce to. Garin da na nuna masa shi ne bayan wani kantin kayan gini, inda na tarar da injin caji huɗu: biyu an lulluɓe su da baƙar leda, ɗaya wata motar kaya mai shan mai ta tare gabansa, na huɗun kuma mutum uku na jira. Na zagaya na fito kamar dama hanyar ke nan.

Muna hawa gada Baba ya ce zafi ya ishe shi, in kashe hitar. Na kashe da sauri, ina godiya ga Allah a zuci. A tsakiyar gadar hoton kunkuru, alamar batir ya kusa mutuwa, ya bayyana a gabana, motar ta daina jin taki. Ga kogin da na yi mafarki, ga surukin a gefena, ga shirun, duk sun cika, sai dai manyan motoci na bayanmu suna ta danna mana oda.

Da lamba ɗaya muka gangara bayan wani babban kanti a kudancin Bronx, inda akwai tashar caji. Mota biyar ce a gabanmu. A nan dole na buɗe baki, kaina a sunkuye, na ce, "Baba, motar ce take buƙatar caji." Na roƙe shi in sa shi a tasi ya wuce masallaci. Ya ce shi bai taɓa barin mota da direbanta a hanya ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba.

Wani ɗan tasi mutumin Maraɗi ya hango hular Baba, ya zo ya gaishe shi, ya ji abin da ke faruwa. Ya ce, "Alhaji, ku ɗauki turn ɗina a layi, pas de problème, ba komai, amma ni ma na huɗu ne." Haka muka koma na huɗu. Bilki ta kira sau uku, na ce mata mun kusa. A na huɗun yayanta ne ya kira, ya ce liman ya jira iya jira, mutane hutun rana suka ɗauko, za su koma wurin aiki.

Na ɗora wayar a tsakaninmu na buɗe murya. Muna jin tarin mutane, muna jin kukan wani jariri, sannan muryar liman ta fito, ya ce sunan yaro Usman (sunan da bakina bai taɓa furtawa ba sai yau da na rubuta shi). Baba ya ɗaga hannuwa a cikin motar da ta yi sanyi ƙalau, ya shafa Fatiha. Na ga ya ja bakin rigarsa ya goge ido. Wallahi da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na shige ban waiwaya ba.

Can ya ce, "Tun daga filin jirgi nake kallon lambar nan tana sauka. Na so in yi magana, sai na ga motarka ce, kada in ba ka kunya."

Ashe mu biyu muka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon abu ɗaya, kowa na jin nauyin ɗan'uwansa, har batir ya ƙare mana a tsakani.

Bayan La'asar muka isa gida. Bilki ta miƙa wa mahaifinta jaririn, ta juyo ta zuba mini idon da na san zan yi wata guda ina biyan bashinsa, ta tambayi abin da ya tsare mu. Kafin in haɗa ƙarya Baba ya ce, "Hanya ce, 'yata," ya ci gaba da yi wa takwaransa wasa. Har ya koma Kano bai ƙara kalma ɗaya a kai ba.

Har gobe ina jin kunyar surukina, kuma ban yi niyyar dainawa ba. Abin da na koya kawai shi ne in fara cika batir tukuna, sannan in je in ji kunyar a natse.