Rasuwar Dutse Lamba Goma Sha Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya kasa ɓoyewa, Yoila Dzarma na Moduganari yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Dutse Lamba Goma Sha Huɗu, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da safe, a banɗakin tsakar gida.

Marigayin ya fito ne daga wata rijiya mai zurfi wajen tafkin Chadi, inda yau ko direba mai taurin kai ba ya zuwa. Malamin Phoebe, 'yar Yoila, ne ya ba ta shi amana, don aikinta na ƙarshe a jami'a. Yoila bai yi nisa a karatu ba, amma ya gane abin da take yi: ta shanya dutse, ta auna, ta jiƙa, ta sake aunawa. Wanda ya sha ruwa sosai, ƙofofinsa a buɗe suke, irinsa ne ke riƙe man fetur a ƙarƙashin ƙasa. A nan babu na biyun marigayin. In aka tsoma shi a kwano sai ya ce "tsss", cikin ladabi.

Ciwon ajali ya same shi da zuwan Goggo Margaret daga Biu. Ta gan shi a bakin taga, ta ga ya yi daidai da hannu. Kwana huɗu tana dirzar kaushin diddige da shi, sabulu da man kaɗanya suna toshe masa ƙofofi, har ya marmashe. Da Yoila ya yi magana, cewa ta yi dutse bai ƙare a duniya ba. Yayarsa ce, ita ta goya shi. Dole ya haɗiye.

Marigayin ya bar 'yan uwa goma sha tara, yawancinsu ko ɗigo ba sa sha, da sikeli ɗaya, da kuma Phoebe, wadda za ta tsaya gaban malamanta nan da kwana tara. In babu shi, sai ta maimaita shekara.

Abin da aka iya tsincewa daga magudana yana cikin gwangwanin madara. Ba za a binne ba sai malamin ya ga gawa. Za a yi zaman makoki ranar Alhamis a gindin dalbejiyar ƙofar gida, kowa ya zo da kujerarsa. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kira wayar Phoebe. Tana makaranta, sai Juma'a za ta dawo, kuma har yanzu ubanta bai sami bakin faɗa mata ba.