Ƙunzugun da Ya Kashe Injin Kawu

Ni fa gyara na so yi. Na gaji da ganin audugar mata ta kanti tana yawo a magudanar ruwan noman rani ta Taloka, sai na ɗinka ƙunzugu mai maɓalli, wanda ake wankewa a sake sawa. Na tara matan unguwarmu a bakin ruwa, ina ɗaga murya kamar malamar asibiti: "Ku dubi yadda ake wankinsa. Wannan ba ya toshe komai!"

Ina cikin jawabi sai ƙunzugun ya suɓuce mini, ruwa ya tafi da shi. Ba a jima ba injin Kawu Sani, da ke shayar da albasarsa, ya yi tari ya mutu. Maza huɗu suka kwance tiyo. Kawu ya zaro abin, ya ɗaga sama yana jujjuyawa.

"Wanga kuma mi ne? Hular jinjiri?"

Matan da na zo wayar wa kai suka zube da dariya, ba wadda ta rufa mini asiri. Sabo ne fa, ko sau ɗaya ban sa ba!

Har yau, ko injin wa ya tsaya a fadama, sai Kawu ya ce, "Ku tambayi ɗiyata, ko ta yi wanki."