Ranar da Na Kori Mai Folere

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe biyu da minti goma na rana Madam ta miƙo mini takardar dokoki ta ce in je ƙofar yamma ta filin wasa. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi a ɗan littafina (ni irin mutanen nan ce da ke rubuta lokacin da suka sha magani, da lokacin da ciwon kan ya tafi). Da na san abin da ke jirana, da na ce cikina ke murɗawa.

Shekarar da aka kawo wasannin babbar gasar ƙwallon Afirka garinmu Garwa ke nan, ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare. Gari ya canza kamar amarya. An shimfiɗa kwalta har unguwarmu, an kafa fitilu, an yi wa bangaye fenti. Malaminmu ya sa kowa ya yi jawabi a kan ribar gasar da hasararta, ni kuwa na zauna na jera riba har bakwai, kowace da layinta da na ja da rula. A ɓangaren hasara na rubuta abu ɗaya tak: cunkoson motoci. Ban rubuta cewa faɗaɗa titin filin wasa ya cinye rumfar mahaifiyata ba. Na ga kamar wannan maganar gida ce, ba ta shiga jawabi.

A rumfar nan take sayar da folere, wato zoɓo, tun rasuwar babana. Da shi aka saya mini kowane littafi da kowane biro. Da aka rushe rumfar, sai ta koma sayarwa a ƙofar gida, inda masu saye ba su wuce yaran maƙwabta. Amma kowa ya yi ta gaya mata cewa in an fara wasa baƙi za su cika gari, za ta mayar da abin da ta rasa. A kan wannan ta dogara.

Sai in gaya muku yadda muke da ita. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Adda nake ce mata. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "'yar Hajja", domin a ɗakin kakata Hajja na tashi. Ba ta yabona, ba ta zuwa makarantarmu ranar ba da sakamako. In na kawo takarda, Hajja nake miƙa wa, Adda kuma ta sami wani aiki a kusa da ƙofa har a gama karantawa.

To, na shiga cikin 'yan aikin sa kai, saboda an ce za a ba mu takardar shaida, ni kuwa in aka ce takarda an gama da ni. Aka ba ni 'yar shara mai ruwan ɗorawa da kati a wuya. Aikin da Madam, shugabar rukuninmu, ta ba ni rannan shi ne in tashi masu talla da suka wuce jan zaren da aka ɗaura kusa da ƙofa. Ni da ban iya tambayar canji a wurin mai moto ba.

Sai na yi dabara. Na ce ba zan kalli fuskar kowa ba. Zan ɗaga takardar dab da hancina in karanta doka ta huɗu da Faransanci, kamar yadda nake karanta jawabi a aji. Dabarar ta ci a kan mai gyaɗa, ta ci a kan mai tutoci. Na fara jin kaina. Har tafiyata ta canza.

Ta uku wata mata ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno, da takunkumi a fuska kamar kowa a lokacin annobar nan, da babbar kula a gabanta. Abin da na gani ke nan ta gefen ido kafin in ɗaga garkuwata. Na gyara murya na karanta mata dokar tun daga farko har ƙarshe. Ba ta motsa ba. Na ɗauka taurin kai ne, sai na sake karantawa, a hankali, ina fitar da kowane harafi. Na ƙara da doka ta biyar, wadda ta yi maganar ƙwace kaya, ko da yake ba wanda ya sa ni. Na ji masu tallan da ke wajen zare sun yi tsit, na ɗauka kwarjinina ne.

Da na kai aya, matar ta miƙe ta naɗe gammo, ta ce a hankali, "To, Madam. A kama mini."

Na sunkuya na kama hannun kular. A kan murfin akwai rubutu da baƙin fenti, haruffa a miƙe kamar sojoji, an ja musu layi da rula. Rubutuna ne. Ni na yi shi da hannuna sati biyu da suka wuce, har na goge sau biyu saboda wani harafi ya karkace.

Ban san yadda muka ɗora kular a kanta ba. Na dai san ta yi nauyi, ƙanƙara na ƙara a ciki, alamar ko kwalba biyar ba ta sayar ba. Ba ta dube ni ba, ta juya ta tsallake zaren. Goggo Asabe mai ƙosai, maƙwabciyarmu, ita ta fasa shirun. Ta ce wa na kusa da ita, da muryar da ta isa kowa ya ji, boko ya yi rana, yau ga 'ya ta karanta wa uwarta sammaci.

Kamar wannan bai isa ba, sai ga Madam ta iso tana murmushi. Ta dafa kafaɗata, ta kira sauran 'yan rukunin, ta ce su yi koyi da ni, ban san sani ba ban san sabo ba. Aka tafa mini. Ina tsaye ina kallon bayan Adda tana ratsa taro a kan sabuwar kwaltar nan da na sa a lamba ta ɗaya a jawabina.

Har aka tashi wasan ban san wa ya ci ba. Da na koma gida bayan magariba, Hajja na hango ni ta ce a shimfiɗa darduma, gwamnati ta shigo. Ta tambaye ni ko tabarmarta na cikin zare ko ta matsa. Adda tana bakin murhu. Kular na gefe, kusan cike. Ashe can nesa ta koma, inda ba mai wucewa, har ƙanƙarar ta narke. Kwana uku muna shan folere a gidan nan, safe da rana.

Ban iya ba da haƙuri da baki ba, don haka na yi abin da na iya. Na zauna na karanta takardar dokokin kamar zan yi jarrabawa a kanta. Ashe haramcin bai wuce iyakar zaren ba. Washegari na je na bi zaren da ƙafa har inda ya ƙare, a gindin wata bishiyar darbejiya, daidai inda bas ke sauke 'yan kallo. Na zana taswira (da rula, ba sai na faɗa ba), na ba Hajja ta ba ta. Ranar wasa na biyu Adda ta zauna a wurin, Goggo Asabe ma ta bi ta ba kunya. Kafin la'asar kular ta zama wayam.

Ba zan ce ta mayar da rumfa ba. Gasar ta ƙare, baƙi sun tafi, har yau a ƙofar gida take sayarwa, sai dai yanzu akwai fitilar titi a kanta, kuma moto na shigowa ko da damina. Takardar shaidata na cikin akwati, ban taɓa nuna wa kowa ba. Abin da na koya dai shi ne, in za ka karanta wa mutum doka, ka fara sauke takardar ka ga ko shi ya saya maka biro.

Amma tambaya ɗaya ta ƙi barina. Sai bayan wata guda, muna tsince zoɓo a tire mu biyu, na yi ta maza. Ban ɗago kai ba na tambaye ta me ya sa rannan ba ta yi magana ba tun a karatun farko, ta bar ni na maimaita, har na ƙara da wata.

Ta daɗe tana tsinta. Na ɗauka ba za ta amsa ba, kamar kullum. Sannan ta ce, tana kallon tiren:

"Shekara goma sha biyu ina dafa wannan abin don ki iya yaren nan, ban taɓa jin kin yi shi ba. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Amma ban ji kin yi tuntuɓe ba, shi ya sa na ce bari in ji har ƙarshe."