Motar Da Na Zaɓa Wa Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Baba ya kai ni makaranta a sabuwar motarmu ba. Ko na so mantawa ma ba hali, domin 'yan ajinmu sun ɗauki nauyin tuna mini kullum, kuma kyauta.

Mu a wani ƙauye muke bayan Mawashi, cikin ƙasar Kusada. Baba malamin gona ne. Da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Kankia, Umma ta ce ita ba inda za ta, ga awakinta, ga mahaifiyarta a maƙwabta. Sai ya zama kullum Baba ya je ya dawo. Ni ma aka mayar da ni sakandare a Kankia, tunda hanya ɗaya ce. Haka muka yi ta fama a kan tsohon babur ɗinsa, shi a gaba, ni a baya na rungume jaka. Da damina kuwa, kafin mu bar birji mu hau kwalta, duk wani kududdufi da ke hanya ya sa hannu a farin wandona.

A nan ne Nazifi ya shigo rayuwata. Nazifi ɗan cikin garin Kankia ne, ajinmu ɗaya, kuma Allah ya hore masa bakin raɗa wa mutane suna. Ya gan ni sau ɗaya ina saukowa daga bayan Baba, ya ce, "Ga Ɗan Goyo nan an kawo." Shi ke nan. Har masu sayar da awara a bakin get suka ɗauka. (Akwai malamin da ya kira ni da shi a cikin aji, ya kuma yi mamaki da aka ce masa ba sunan yanka ba ne.)

Saboda haka da Baba ya fara kukan ciwon baya, ya ce bayan kaka zai sayi mota ta hannu, ni ban ga mota ba. Na ga ranar da za a binne sunan Ɗan Goyo.

Wani dillali a Kankia ya nuna wa Baba motoci uku, ya ce ya gwada kowace ya gani. Ta farko ƙaramar mota ce, mai shan mai kamar tana azumi, amma cikinta a ƙasa yake, ko tururuwa ta tara ƙasa sai ta gurje. Ta biyu a-kori-kura ce fara, wadda ban ma tsaya kallonta ba. Ta uku kuwa jif ce baƙa, mai baƙin gilas, irin wadda in ta tsaya mutane ke gyara hula kafin su san waye a ciki.

Ranar da aka ba Baba jif ɗin gwaji, ya sauke ni a bakin get. Na daɗe ban sauko ba. Na buɗe ƙofa, na sauko da ƙafa ɗaya, na nemi abin da ban yar ba a ƙarƙashin kujera, har sai da na tabbata duk wanda ya kamata ya gani ya gani.

"Ta waye?" in ji Nazifi.

Na ce, "Tamu."

"Ƙarya kake. Ta dillali ce, jiya na gan ta a gindin bedi an rubuta mata lambar waya a gilas."

Na ce masa ciniki ya faɗa, takardu kawai ake jira. Ya ce to, gaban kowa da kowa, in sabuwar motarmu ta shigo makarantar nan, shi da bakinsa zai daina ce mini Ɗan Goyo. In kuwa ba ta zo ba, har 'ya'yana sai sun gaji sunan. Na amince. Abin da ya rage kawai shi ne Baba ya san cewa ya sayi jif.

Da yamma aka zauna a tsakar gida ana shawara. Umma ƙaramar motar take so. Ta ce, "Malam, ka sayi wadda za ta cika da wuri. Ka san halin garin nan, ka kuma san halinka." Baba ya shiga juya maganar, na ga alamar Umma za ta ci zaɓe.

Ni kuwa na san in na ce jif nake so saboda Nazifi, ko tabarmar ba zan ƙara zama ba. Sai na gyara murya na kawo hujjoji irin na manya. Na ce, "Baba, hanyarmu da damina sai mota mai tsayi." Ya gyaɗa kai. Na ce, "Ga buhunan taki, ga amfanin gona, ina za a sa su a waccan 'yar kwalbar?" Ya ƙara gyaɗa kai. Sai na jefa babbar. Na ce, "Kuma Baba, kai mutum ne na jama'a. In ka fito da safe ka tarar da mutanen gari a bakin hanya, wa za ka ɗauka, wa za ka bari?"

Umma ta dube ni irin kallon da ake yi wa akuyar da ta shiga rumbu. Baba kuwa ya daɗe yana kallona. Sunan mahaifinsa aka sa mini, saboda haka Babana yake ce mini. Ya ce, "Babana, ashe ka girma ban sani ba. Ka yi magana."

Na kwana ina tausayin Nazifi.

Ranar Asabar Baba ya tafi ɗauko mota. Na yi wanka, na shafa mai, na tsaya a ƙofar gida don a gan ni kusa da ita. Can sai ga yara sun rugo da ihu, ga a-kori-kura fara tana tafe a bayansu tana rangaji. Na leƙa bayanta ko jif ɗin na biye. Babu komai sai wani kare.

Baba ya fito yana murmushi, ya dafa bodin. "Na auna maganganunka guda uku. Tsayi, ta fi jif. Kaya, ta fi jif. Mutane kuwa, jif mutum bakwai za ta ɗauka ta ce ta gaji. Wannan ba ta san ta cika ba."

Na zagaya motar ina neman aibinta. Duk hujjar da zan kawo, ni na riga na kashe ta da kaina.

Duk da haka ban fid da rai ba. Na yi lissafi cewa in na zauna a gaba, na sa Baba ya sauke ni a kwanar da ke kafin makaranta, zan ƙarasa da ƙafa in ce jif tana wurin gyaran birki. Ƙarya ce mai iya kai mako biyu in an kula da ita.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ranar farko ta faɗo ranar kasuwar Kankia. A garinmu kuwa, mai mota ba ya wuce wanda ya sani a hanya. Ba doka ba ce, amma in ka yi, kafin azahar labari ya kai wa kakarka. Baba kuma ya san kowa, tunda babu gonar da bai taɓa shiga ya ba da shawarar taki ba.

Ba mu bar unguwa ba muka tarar da Liman tsaye da sandarsa. Baba ya taka birki. Kallona kawai ya yi, na sauka na koma baya. (Yaro ba ya zama a gaba Liman na cikin bodi. Ko ni da nake cikin bala'i na san wannan.) Gaba kaɗan aka ɗauki wani mutum da rago. Gaba kaɗan, buhunan gero da mai su. A Mawashi aka ƙaro kaji a cikin kwando, da wata tsohuwa da ba ta faɗi inda za ta ba, ta dai hau. Sai kuma ga matan Fulani su huɗu a bakin kwalta da ƙoren nono, cikinsu har da Goggo Hansai, wadda ke kawo wa Umma kindirmo tun kafin a haife ni.

Goggo Hansai ta hau, ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗan Malam, yau kai ne kwandasta? Ungo riƙe mini wannan, gwiwata ba ta son nauyi." Ta ɗora mini ƙwarya a cinya, cike fal, an rufe da faifai. "In ka zubar, kai zan aura ka biya."

Haka muka shiga Kankia. Ni a tsakiya cikin farin yunifom, rago na numfashi a wuyana, ƙwarya a cinya. Da muka kusa kwanar da na tsara, na saki hannu ɗaya na bubbuga rufin mota. Baba ya leƙo ta taga. Na ce a nan zan sauka.

Ya ce, "Haba Babana, mun makarar da kai saboda jama'a. Har ciki zan kai ka, in ba Firinsifal haƙuri da kaina."

Get a buɗe yake. Ana tsakiyar asambali, ɗalibai sun yi layi-layi, an yi tsit ana sauraron Firinsifal a lasifika. A bakin get ɗin akwai wani tudun siminti da aka yi don rage gudu. Baba bai saba da birkin motar ba tukuna. Motar ta hau, ta sauko, faifai ya tashi, kindirmon Goggo Hansai ya bar ƙwarya ya dawo kaina, daga haɓa har takalmi. Kaji suka ɗauki kuka. Makaranta gaba ɗaya ta juyo.

Ya kamata a ce nan ne ƙarshen abin kunya. Amma ni mutum ne mai ƙoƙari. Na diro daga bodi ina ɗiga, ragon ya miƙo wuya yana lasar bayan rigata, na ga Nazifi a layin gaba. Sai wata dabara ta zo mini, cewa in nuna motar haya ce na tara a hanya. Na ɗaga hannu, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To direba, na gode, a sauka lafiya."

Baba yana fitowa daga mota a lokacin. Ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi ɗalibai. Ya gyara babbar riga, ya taka har inda Firinsifal yake, suka gaisa. Makirfo na nan a kunne tsakaninsu.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ni na makarar da ɗana. Wancan mai nonon." Ya nuna ni, ko da wani bai gane ba. "Sabuwar mota muka yi. Ni har na so in ɗauki jif, shi ya zaunar da ni ya nuna mini wannan ta fi. Shi ne mai ba ni shawara a gida."

Firinsifal ya ce Allah ya sa alheri, ya ce irin yaran da ake so ke nan, masu tunanin jama'a. Ya ce a tafa mini. Aka tafa. Ban taɓa jin tafi mai tsawo irin wannan ba, har da masu riƙe ciki. Goggo Hansai ta leƙo daga bodi ta ce, "Angona, ƙwaryar fa?" Ashe tana hannuna.

Nazifi dai ya cika alkawari, tunda sabuwar mota ta shigo makaranta. Bai ƙara ce mini Ɗan Goyo ba. Yanzu Mai Ba Direba Shawara nake, kuma sunan ya fi na da tsawo, saboda haka an fi daɗewa ana faɗinsa.

Da aka tashi, Baba ya zo ɗaukata. Kujerar gaba ba kowa. Na kama ƙofa, ya ce, "A'a, gaba ta iyalin direba ce. Fasinja baya." Na hau baya, ni da ƙamshin tsami, har gida.

Abin da na koya shi ne, in kana son abu a wurin manya, ka ce kana so kawai, a hana ka, ka huta. Kada ka kawo hujja. Manya suna saurare.