Rasuwar Hajiya Kharbaƙ ta Abhur

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki, Malam Gwadabe Na'ibi, mai kula da lambu a gidan Shaihu Hamad da ke Abhur a Jidda, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na unguwannin Ammariyya da Bagdadiyya rasuwar shukarsa, wadda Larabawa ke kira kharbaƙ, shi kuma yake kira Hajiya. Ta rasu a ɗakinsa na bakin ƙofa, cikin zafin Agustan bana, 2008, bayan shekara biyar a ƙasar Saudiyya. An jinkirta wannan sanarwa kwana tara saboda Gwadabe ya ƙi yarda. Kullum da safe sai ya kankare gindinta da farce yana neman kore, ya fita ba ciyawa ruwa, ya yar da tiyon yana zuba, ya dawo ya sake kankarewa.

Marigayiya ba 'yar nan ba ce. Sitti Mastura, uwargidan Shaihu, ita ta zo da ita daga Turkiyya cikin tukunyar ƙasa, don ta gan ta can tana fure a tsakiyar sanyi. Sati uku a ranar Jidda, ganyen ya ƙone ƙurmus. Sitti ta leƙo ta taga ta ce, "Khalas, ta ƙare, ya Gwadabe, kai ta shara." Ya kai ta har bakin shara, sai ya hango wani ɗan toho kamar ƙwayar shinkafa a gindinta. Ya juya da ita ɗakinsa, ya ajiye ta ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki da shi kansa bai cika kunnawa ba saboda ciwon gwiwa.

Wani tsoho mutumin Sham, Abdulwahid, mai sayar da tsirrai a hanyar Madina, shi ya gaya masa halinta. Tana son inuwa da sanyi. Tana son ruwa, amma kada ya kwanta mata. A yanke tsofaffin ganye idan hunturu ya shigo. Abu ɗaya ya nanata, yana kaɗa yatsa: "Kada ka taɓa saiwarta, ya Hajj. Ba ta yafewa."

Ta kasance mai kunya da kamun kai. Ba a taɓa jin muryarta ba sai in iskar mukayyif ta bugi ganyenta masu kauri, su yi kwaras-kwaras kamar ana buɗe tsohuwar wasiƙa. Tana da dafi, ba a ɓoye ba: ruwan jikinta ya sha sa wa Gwadabe ƙaiƙayi a hannu, kyanwar gidan kuma sau ɗaya ta ɗanɗana ganyenta ba ta ƙara bi ta ƙofar ba.

Zafin Jidda ya fi ƙarfin mukayyif, don haka duk watan Mayu Gwadabe yakan kai ta duwatsun Ɗa'if, wurin wani manomin wardi, ya ɗauko ta a Nuwamba. Gwadabe kuwa umara ya zo tun 1997, bai koma ba, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. A bayan motar kayan lambu ta abokinsa Musbahu yake kwanciya, tsakanin kwanduna, tukunya a matse tsakanin gwiwoyinsa, numfashi a riƙe duk inda aka tsaya bincike. Watannin da take can kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Ya share abin da ya riga ya share, ya taka zuwa shagon waya ya tambayi manomin ko ta yi sabon ganye.

Sau ɗaya ta yi fure, a Janairun 2006. Guda uku, farare masu sirkin shunayya, kowanne kai a sunkuye. Sai da Gwadabe ya kwanta rigingine a siminti kafin ya ga fuskokinsu. Sitti Mastura ta sauko da baƙinta ta nuna musu abin da ta kawo daga Turkiyya. Gwadabe ya matsa gefe ya ba su hanya.

A makon ne matarsa Mairo ta same shi a waya daga Gezawa.

"Malam, 'yarka Jamilatu ta sauka. Mace aka samu. Yaushe za ka zo?"

"Bari shukar nan ta ƙara fure sau ɗaya, Mairo. In na tafi ba mai duba ta."

Bara ta sake tambaya, ya sake faɗin haka. Bana ta ce, "Jikarka har ta iya kiran akuya da suna. Kai kaɗai ne ba ta sani ba." Ta ajiye wayar.

Jinyar ƙarshe ta fara ne a Mayu, da Musbahu ya ce bincike ya tsananta a hanya. "Ba zan ɗauke ka ba, Gwadabe. Ba ni tukunyar in kai." Gwadabe ya dubi yadda Musbahu ke jifa da kwandunan tumatir, ya ce a bari. Hajiya ta zauna a Jidda. Cikin Agusta mukayyif ya mutu, mai gyara ya yi kwana uku bai zo ba. Ganye ya fara langaɓewa. Gwadabe ya ruɗe, ya jibga mata ƙanƙara har ruwa ya kwanta a tukunyar. Da ya ji wari, ya zazzage ta da hannunsa ya sauya mata ƙasa. Ya san abin da Abdulwahid ya ce, hannunsa ne ya ƙi tsayawa. Washegari ta kwanta. Yana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su ce masa mai gyara ne ya kashe ta.

Ta rasu ta bar tukunya ɗaya mai tsagewa a baki, almakashin yankan ganye, rabin buhun taki, manomin Ɗa'if da har yanzu ba a sanar da shi ba, da Gwadabe.

Za a binne ta ranar Alhamis bayan la'asar, a inuwar darbejiyar da ke bayan garejin Shaihu. Ba za a yi salla ba. An tambayi Malam Salihu na Ammariyya, ya ce kada a sake tambayarsa. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin bakin ƙofa zuwa Juma'a kawai. Ranar Asabar da hantsi Gwadabe zai ɗauki jakarsa ya tafi ƙarƙashin gadar da marasa takarda ke zama suna jiran a kwashe su a mai da su gida. Mai son tukunyar ya zo da wuri. Mai saƙo zuwa Gezawa ya kawo, amma kada ya yi nauyi.