Ranar Da Malam Taswira Ya Ja Ayari

Duk wanda bai taɓa zama kusa da Malam Taswira ranar Litinin da safe ba, bai san abin da ake kira hutu ba. A takarda dai mataimakin shugaban sashen adana fayil ne a wani dogon ofis da ke tsakiyar birni, amma wannan na cin abinci ne kawai. Aikinsa na gaskiya, wanda aka halicce shi dominsa, shi ne nuna wa jama'a inda za su ɗauki mota su je su sha iska a ƙarshen mako ba tare da aljihu ya yi kuka ba. Kyauta yake yi, ko ba a tambaye shi ba. Ya ma fi ƙwazo idan ba a tambaye shi ba.

Sunan ya samo asali ne daga wata ƙatuwar taswira da ya manna a bangon bayan teburinsa, ya caccake ta da allurai masu jan kai har ta koma kamar mai ƙyanda. Abokan aiki ne suka laƙaba masa don tsokana, shi kuwa ya karɓe shi hannu biyu kamar an naɗa masa sarauta. Baƙin tabarau ba ya sauka daga goshinsa ko da a ɗakin fayil ne, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. A kan rigarsa kullum akwai wata 'yar falmaran mai aljihuna barkatai, irin ta masu hawan duwatsu, ko da yake abin da ya fi hawa a rayuwarsa shi ne matakalar ofis, ita ma sai ranar da lif ya lalace.

"Matsalarku ɗaya ce," haka yakan fara, yana juya cokali a kofin shayi, "kun ɗauka hutu na masu kuɗi ne. Sam! Hutu ilimi ne. Ka cika tanki, ka dafa ƙwai a gida, ka fita kafin gari ya cika. Kafin rana ta take kana gindin magangarar ruwa, feshi na dukan fuskarka, tsuntsaye na yi maka waƙa. Da yamma ka dawo ka kwana a gadonka. Wa ya ce sai ka biya otal? Ni da na san ƙasar nan kamar tafin hannuna, kunya nake ji idan na ga mai iyali ya wuni ranar Asabar a gaban talabijin."

A nan gaskiyarsa ce, domin shi ba ya wuni a gaban talabijin. Kowace Asabar yakan fito da motarsa ƙofar gida, ya wanke ta tun daga fitila har salansa, ya goge karagar kaya da ke samanta wadda ba ta taɓa ɗaukar ko tabarma ba. Sannan ya mayar da ita inuwa, ya shiga, ya kwantar da kujera, ya ɗauko waya yana karanta labarin wuraren da wasu suka je. Nan yake samo feshin ruwan da tsuntsayen. Kafin Litinin labarin ya nuna a cikinsa, ya zama nasa.

Maiɗakinsa mace ce mai haƙuri da ƙarancin magana. Tun 'yarsu tana rarrafe ya yi mata alkawarin magangarar ruwan nan, yanzu 'yar tana jami'a. Kowace shekara da dalilinta. Da damina hanya ba ta da kyau. Da rani ruwan ya ja baya. Tsakanin biyun kuma taya ce ke bukatar a duba ta. Ta daina tambaya, sai dai duk ranar da ta ji yana ba wani baƙo labarin wurin, takan ajiye tire ta tsaya ta saurara, domin ita ma tana son jin yadda tafiyar tasu ta kasance.

Da an bar shi haka, da ya yi ritaya da girmansa. Sai aka kawo sabon Darakta, mutum mai fara'a da saurin yanke shawara. Wata Litinin yana wucewa ta ƙofar sashen fayil ya tarar da Malam Taswira a tsakiyar huɗuba, sanda a hannu yana nuna wata allura.

"Kai nake nema!" in ji Darakta. "Madam ta dame ni, wai tunda muka zo garin nan ban kai ta ko'ina ba. Asabar ɗin nan ka shige gaba da iyalinka, mu bi ka a baya."

Malam Taswira ya buɗe baki zai kawo uzurin taya. Amma a daidai lokacin idonsa ya faɗa kan kujerar shugaban sashe, mai juyawa, mai wurin ɗora hannu, wadda mai ita ke shirin ritaya. Ya sauke tabarau daga goshi zuwa ido, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka faɗo hannun da ya dace."

Ranar Asabar aka haɗu a gidan mai da ke bakin babban titi. A motarsa akwai maiɗakinsa a gaba, a baya kuma surukarsa, Inna, wadda ta zo ganin likitan gwiwa ta ce ba za a bar ta ita kaɗai da bango ba. An cusa tabarmi da kwandon biredi da dafaffen ƙwai da filas na shayi. Kafin a tashi ya tara kowa ya yi jawabi, ya bayyana dokokin ayari, ya kuma hana amfani da taswirar waya.

"Ranka ya daɗe, wannan matar da ke magana a cikin waya ba ta taɓa taka hanyar nan ba. Ba zan bari wata da ban san iyayenta ba ta riƙa gaya min dama da hagu a gaban iyalina. Kuma ba za mu bi ta ƙofar karɓar kuɗin hanya ba. Wannan ta baƙi ce. Akwai wata 'yar yanke da mu 'yan gida muka sani."

'Yar yanken ta fara da kwalta mai kyau. Can sai kwaltar ta fara yin ramuka, sannan ramukan suka fara yin kwalta, daga baya ita kanta ta gaji ta koma. Aka shiga jar ƙasa. Malam Taswira yana da ƙa'ida guda a tuƙi: jagora ba ya rage gudu a mararraba, domin na baya za su gane. Duk inda hanya ta rabu sai ya karya hagu da ƙarfin zuciya, ya kuma miƙa hannu ta taga yana yi wa Darakta alamar komai daidai.

Idan ruɗani ya yi yawa yakan tsaya ya ce an zo wurin kallo. Haka ya nuna musu wani rami da ake fasa dutse, ya ce tsohon kwari ne mai tarihi, har masu bincike na zuwa daga nesa. Haka ya tsayar da su kusa da wata doguwar katanga ya ce kowa ya cika ƙirji da iskar karkara. Madam ta cika, ta yi tari, ta koma mota ta ɗaga gilas. Bayan katangar gonar kaji ce.

Maiɗakinsa ta ce a hankali, "Baban yara, ga mai lemo can, ko za a tambaye shi?"

Ya tsaya kuwa, ya fita da niyyar tambaya. Amma da ya waiga ya ga Darakta na kallonsa ta gilas, sai bakinsa ya ƙi. Maimakon haka ya tsaya yana yi wa mai lemon kwatancen hanyar magangarar ruwa da hannu biyu. Mutumin ya yi godiya, ya ce in Allah ya yarda wata rana zai je. Aka sayi lemo aka wuce.

Rana ta take, ta karkata. Inna ta yi barci ta farka ta tambaya ko an iso, ta sake yin barci. Allurar mai tana sunkuyar da kai. Ƙarƙashin falmaran ɗin nan gumi ya jiƙe Malam Taswira sharkaf, kuma duk lokacin da ya kalli madubi sai ya ga kamar kujerar nan mai juyawa ce ke bin sa a baya, tana ƙara nisa. Darakta da ya fara da ɗaga masa hannu yanzu ya koma danna hon. A ransa ya yi alkawura da yawa: in dai ya fita daga wannan, zai cire taswirar, zai rage surutu, zai ma kai matarsa wani wuri da gaske.

Sai ga shi hanya ta gangara, ta ratsa wasu bishiyoyi, ta tsaya cak a bakin wani ɗan tafki. Ruwa kwance luf, inuwa ta rufe gefensa, fararen tsuntsaye suna tsaye da ƙafa ɗaya. A can gefe wani siririn ruwa na zubowa daga kan dutse yana ƙara mai daɗi. Malam Taswira ya kashe mota. Kafin ya buɗe ƙofa ya manta da alkawuran nan kaf.

"Mun iso!" ya ce, yana buɗe hannuwa kamar shi ya haƙa tafkin. "Yanzu lokacin da ruwan ke hutawa ne, shi ya sa kuka gan shi siriri. Masana wannan lokacin suka fi so."

Aka shimfiɗa tabarmi. Madam ta cire takalmi ta tsoma ƙafa a ruwa tana dariya kamar yarinya. Darakta ya ci ƙwai, ya miƙe a inuwa, ya ɗora hula a fuska, ya ce daga ƙarƙashinta, "Gaskiya ka san ƙasa." Wannan kalmar ta shiga Malam Taswira har ƙashi. Ya hau wani ɗan dutse don kowa ya ji shi da kyau.

"Ranka ya daɗe, ka ji shirun nan? Ba a sayar da shi a birni. Mutumin birni yana zaune cikin hayaƙi, bai san abin da ke bayan hancinsa ba. Sai ka yi nisa, ka sha wuyar hanya irin wadda muka sha, sannan ƙasa ke buɗe maka sirrinta. Dubi rufin gidajen can a bayan bishiyoyi. Wani ɗan ƙauye ne. Mutanen kirki, ba ruwansu da duniya. Duk sun san ni."

Maiɗakinsa ta daɗe tana kallon rufin nan. Sai Inna ta fara lalube a jakarta, ta zazzage ta a kan tabarma, ta kama salati. Ta baro maganin hawan jininta a gida, ga shi lokacin sha ya yi, kanta har ya fara sarawa. Darakta ya tashi zaune. Malam Taswira ya diro daga kan dutse, fuska a murtuke irin ta jagora a ranar gwaji.

"Kada kowa ya firgita. Tafiya ce mai nisa, amma zan taka mota. Inna, ki daure."

Maiɗakinsa ta sa takalminta, ta gyara mayafi, ta ce, "Ina zuwa." Ta bi wata 'yar hanyar ƙafa, ta haye wani katako da aka gitta a kan kwalbati, ta shige bayan bishiyoyin.

"Za ta nemi taimako wurin mutanen ƙauyen," ya bayyana wa Madam. "Ni na koya mata. Matafiyi ba ya raina mutanen karkara."

Bai gama bayanin amfanin mutanen karkara ba sai ga ta ta dawo. A hannu ɗaya kwalbar maganin Inna. A ɗayan butar shayi, tururi na fita ta bakinta. A kafaɗarta kuma tawul ɗinsa na wanka da wandonsa na barci mai zanen taurari.

"Ga maganin, Inna. Na ga na filas ya huce, sai na ɗora wani." Ta juya wurin mijinta. "Na kwashe shanya ma, na ga kamar hadari. Maƙwabcinmu yana gaishe ka. Ya ce tun ɗazu yake hango ka ta tagar kicin a kan dutse kana ɗaga hannu, ko motar ce ta lalace ya zo da igiya?"

Madam ce ta fara. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Darakta ya yi ƙoƙari irin na manya, ya kalli sama, ya kalli ƙasa, sannan ya kife a kan tabarma yana dukan ƙasa da hannu. Inna ta haɗiye maganinta da shayi mai zafi ta ce ita dai wurin ya yi mata, kuma ta ji daɗi da ba a yi nisa ba.

Malam Taswira ya gyara tabarau. "Ranka ya daɗe, ai darasin ke nan. Da gangan na zagayo da ku, don ku gane cewa hutu mafi araha..."

"Bar shi haka, kada ka kashe ni," in ji Darakta yana share hawaye. "Madam ta ji daɗi, ni ma na ji. Kujerar shugaban sashen nan kuma taka ce. Na duba duk ofis, ban ga aikin da ya dace da kai kamarta ba, tunda ba a fita ko'ina."

Da aka tashi, Darakta ya kunna matar nan ta cikin waya, ta gaishe shi da ladabi ta fitar da shi babban titi. Inna ta ce gwiwarta ta gaji da mota, likita ma ya ce ta riƙa ɗan takawa, sai ta kama hannun 'yarta suka haye katakon.

Sun isa gida, sun yi wanka, sun ɗora girki, har sun sauke. Daga tagar kicin suna hango motar Malam Taswira a ƙetaren tafki, ta shiga bayan bishiyoyi ta hagu, can an jima ta sake fitowa inda ta shiga, yana neman hanyar gidansa.